Ranar da Tasi'u Ya Rage Wa Dayarinsa Tumbi

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Tasi'u Dayari. Tsohon akawu ne a wani kamfanin gurzar auduga da ya daɗe da rufewa. Kamfani ya mutu, injuna sun yi tsatsa, jemagu sun tare a ofis, amma shi Tasi'u a ransa har yau bai tashi daga aiki ba. Duk inda ka gan shi, dayari, littafin nan na rubuta alƙawuran rana, na maƙale a hammatarsa, biro uku a aljihun gaba. Ko tuwo ka kira shi ci, sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Bari in duba." Ya buɗe, ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ɗan ɓata fuska, sannan ya ce, "To, ina da ɗan sarari." Ya zauna ya cinye maka tuwon tas.

Shi kuwa dayarin nan, in ka gan shi sai ka tausaya masa. Ya kumbura ya yi tumbi, har sai an ɗaure shi da roba yake rufuwa. Ba rubutu ne ya kumbura shi ba, katunan gayyata ne. Ɗaurin auren 'yar wane a Kano, walimar wane a Kaduna, naɗin sarautar wane a Gusau. In Tasi'u ya zauna a majalisarsu ta gindin ɗorawa, da gangan yake sakin robar, katuna su zube, ya riƙa tsinta yana tsaki.

"Mutanen nan ba za su bar ni in huta ba. Ni kaɗai ne a garin nan?"

Abin da 'yan majalisa ba su sani ba shi ne, ko kati ɗaya babu wanda aka aiko masa. Yana da suruki, Mamuda, mai shagon buga katuna a bayan tasha. A ƙarƙashin teburin Mamuda akwai wani kwali da ake jefa katunan da suka lalace, wanda tawada ta ɓata, wanda wuƙar inji ta gutsure, wanda masu shi suka ƙi karɓa. Tasi'u zai shiga gaisuwa, ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, ya taso da manyan mutane biyar a aljihu.

Ana haka, wata rana ya je wani taron manoma, ba don yana da gona ba, don ya ji za a raba lemo. A can ya ga wani babban baƙo da dayari siriri, mai jar fata, da zarurruka masu launi suna reto a gindi. Da aka tashi, Tasi'u ya kutsa ya gaishe shi, ya kuma gyara nasa a hammata yadda za a gani. Baƙon ya dubi tumbin dayarin, ya yi murmushi.

"Malam, wannan ai kwandon shara kake yawo da shi. Babban mutum abu ɗaya yake sawa a rana. Sauran ya zubar."

Maganar nan ta shiga Tasi'u har ƙashi. Kwana ya yi yana juyi. Washegari ya nufi rumfar dukawa, ya sa aka yi wa dayari riga da jar fata, irin jan nan mai ihu, aka buga sunansa a kai da ruwan gwal. Ya sa aka ɗinka zare uku. Ja na manya ne, kore na masu ɗan dama-dama, baƙi kuma na wanda za a gani in an ga dama. A shafin farko ya manna hotonsa, waya a kunne, yana kallon nesa. Saura aiki ɗaya, rage tumbin. Shi kuma wannan ba a ɗaki za a yi shi ba, ina amfanin zubar da gayyatar manya in babu mai kallo? Ya bari sai da majalisa ta cika bayan La'asar.

A majalisar nan akwai Lurwanu mai hatsi, abokinsa tun suna yara suna satar mangwaro a lambu ɗaya. Lurwanu mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya, kuma duk garin shi kaɗai ne bai taɓa yi wa Tasi'u dariya a bayan ido ba. Ranar Asabar mai zuwa zai aurar da 'yarsa ta fari, Rumasa'u. Kun san yadda ake yi, uba ba ya tsayawa ya ba da 'yarsa da bakinsa, sai ya zaɓi ɗan'uwa ko amini ya ba shi waliccin, shi zai zauna gaban liman ya ce ya bayar. Lurwanu yana da ƙanne, yana da 'yan'uwa cike da ƙauye, duk ya tsallake su ya ba Tasi'u. Ya kai masa kati har gida, da goro da alewa, ya ce, "'Yarka ce, kai za ka ba da ita." Tasi'u ya karɓa ya cusa cikin sauran.

To, ranar rage tumbi, ya shimfiɗa dayari a cinya, ya tsinke robar, ya fara zare katuna ɗaya-ɗaya. Ya ɗaga, ya karanta sunan da ƙarfi, ya wurga kwata.

"Walimar Kaduna. Nisa." Fit!

"Naɗin sarauta. Hayaniya." Fit!

"Wannan kuma bara ma na je masa, ya isa." Fit!

'Yan majalisa suna kallo baki buɗe. Ilu Direba, wani mai tsohuwar mota da ke jigila zuwa ƙauyuka, wanda duk duniya ba abin da yake girmamawa kamar naman biki, har hannu yake kaiwa kamar zai cafe.

"Haba Malam Tasi'u! Wannan fa shinkafa ce kake zubarwa a kwata!"

"Ilu, tsari ke nan. Babban mutum abu ɗaya yake sawa a rana."

A ƙarshe katuna biyu suka rage a hannunsa, duka na ranar Asabar. Ɗaya ɗan ƙarami, farar takarda, na Lurwanu. Ɗayan kuwa kauri gare shi kamar murfin kwano, da ado na gwal, ga sunan Alhaji Barmo Mai Taki na Malumfashi zai aurar da 'yarsa. Gefensa ɗaya a gutsure yake, daidai ƙarshen layin kwanan wata, amma Tasi'u ya ce shi ya rage shi da almakashi don ya shiga aljihun dayari.

Ya auna su a tafin hannu, wannan a dama, wannan a hagu. Gaskiya ba da niyyar yar da na Lurwanu ya fito ba. Amma ido ya yi masa yawa, ga maganar baƙon nan tana yi masa kuwwa a kunne, ga Ilu yana cewa, "Kai! Alhaji Barmo da kansa?" Sai kansa ya fashe.

"Lurwanu, ka yi haƙuri. Asabar ta cika."

Lurwanu ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya. Da ya ga Tasi'u ya ja jan zare ya kwantar a kan katin Alhaji, sai dariyar ta tsaya.

"Tasi'u, kai ne fa waliyyi."

"Na sani. To ya zan yi? Alhaji ya kira ni har sau biyu. In ban je ba, wa zai tsara masa zaman manyan baƙi?"

"In don lokaci ne, sai in roƙi liman a matsa namu zuwa bayan Azahar. Ka je ka dawo."

"Liyafar manya ba a tashi a tsakiyarta. Ka nemi wani cikin ƙannenka, ai magana ce ta minti biyu."

Ya saki farin katin. Bai ma kai kwata ba, a ƙasa ya faɗi, kusa da takalmin Lurwanu. Lurwanu ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar, ya sa a aljihu, ya ce yana da awo a shago. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kowa ya gani a tafiyarsa.

Sai Ilu ya matso. Ya karɓi katin Alhaji yana shafawa, yana haɗa baƙi a hankali.

"Malam Tasi'u, nan an sa Asabar sha huɗu ga wata. Ai Asabar ɗin nan sha uku ce. Sha huɗu Lahadi."

Tasi'u ya duba dayari. Haka ne kuwa. Wani mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Shi sai ya yi tsaki.

"Masu buga kati ke nan, ba tsari. Rana ake bi, ba lamba ba. Ka taɓa jin mai kuɗi ya ɗaura aure ran Lahadi?"

"Ban taɓa ba."

"To ka wanke motarka. Kai za ka kai ni, ka ga yadda ake cin biki. Kada ka karya kumallo, ka bar wa cikinka wuri."

Asabar da sassafe Tasi'u ya fito cikin farar babbar riga, ta sha guga har tana ƙara, ga turare kamar an fasa kwalba. Ilu ya zo da cikinsa wayam da leda biyu a aljihu. Hanyarsu ta bi ta ƙofar gidan Lurwanu, ana ta kafa rumfa, ana shimfiɗa tabarmi, ƙanshin miya ya cika layin. Tasi'u ya buɗe dayari ya rufe fuska da shi har suka wuce.

A hanya bai bar Ilu ya huta ba. Shi da Alhaji Barmo kwano ɗaya suke ci. Alhaji ba ya sayen ko buhun taki sai ya ji ta bakinsa. Yarinyar da za a aurar ma a hannunsa ta girma. Da suka shiga Malumfashi kuwa, sai da suka tambayi masu faci biyu da mai rake ɗaya kafin su gane gidan. Tasi'u ya ce garin ne ya canza.

Gida dai ga shi, ƙato, da baƙar ƙofar ƙarfe. Amma babu rumfa, babu kujera, babu mota ko ɗaya. Akuya ce kwance a inuwa tana tuƙa, sai mai gadi a kan benci yana sauraron rediyo.

"Malam Tasi'u, anya?"

"Mun riga kowa. Amfanin tsari ke nan. Kuma manya a ciki suke abinsu, ba irin naku na tare hanya ba. Ɗaga kanka ka gani."

Ilu ya ɗaga kai. Hayaƙi ne ke tashi daga bayan katanga, baƙi ƙirin, ga tulin itace a jingine.

"Ka gani? Shanu ne a wuta."

Cikin Ilu ya yi ƙuuu. Sai ga wata tsohuwa ta zo da ƙaton dami na ganyen darbejiya a ka, ta tura ƙaramar ƙofa ta shige.

"Shi kuma ganyen fa?"

"Na korar ƙuda daga nama ne. Ilu, kai fa ba ka shiga manya ba."

Suka yi wa mai gadi sallama. Tasi'u ya gyara wuyan riga ya ce a shaida wa Alhaji cewa Tasi'u na Funtuwa ya iso. Mai gadi ya dube shi sama da ƙasa, ya rage rediyo, ya shiga. Jim kaɗan aka buɗe musu zaure. Sai ga Alhaji Barmo, dattijo mai fara'a, cikin jallabiya da silifa, asuwaki a baki. Tasi'u ya zube, ya kwararo gaisuwa, ya ce Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a yi taro lafiya.

Alhaji ya amsa da sakin fuska, yana ta ƙoƙarin tuna inda ya san shi.

"Madalla, mun gode. Barka kuka zo? Ai kuwa kun yi latti, an yi suna tun makon jiya."

"Suna, ranka ya daɗe?"

"Suna mana. Namiji aka samu."

Tasi'u ya sha jinin jikinsa. Amma bakin da ya saba ba ya mutuwa nan take. Ya yi 'yar dariya, ya buɗe dayari a wurin jan zare, ya zaro kati ya miƙa da hannu biyu.

"Ɗaurin auren dai, ranka ya daɗe. Na yau."

Alhaji ya nisanta katin da idonsa, ya karanta, ya juya bayansa, ya shafa gefen da ya gutsure. Sai asuwaki ya faɗo daga bakinsa. Ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti da farko, kafaɗu kawai ke rawa, sannan ta ɓalle. Har ya dafa bango.

"Bawan Allah, wannan ai auren bara ne! Bara war haka aka ɗaura shi. Amaryar tana ciki, ta zo gida wankan jego. Hayaƙin da kuka gani, ruwan wankanta ne a wuta."

Ilu ya juyo a hankali ya dubi Tasi'u.

"Shanu," in ji shi.

"Tsaya ma," Alhaji ya ce yana share hawaye. "Ina ka samo wannan? Ai irin waɗanda inji ya cinye wa shekara ne. Mun ƙi karɓarsu, muka bar wa mai bugawa a can Funtuwa ya zubar. Ko a shagonsa kake aiki?"

Tasi'u ya duba dayari, wai ko akwai amsa a ciki.

"A'a, ranka ya daɗe," Ilu ya karɓe. "Amininka ne. Kwano ɗaya kuke ci. Amaryar ma a hannunsa ta girma."

"Ikon Allah! To ai sai a kawo masa jikansa ya gani."

Alhaji ya leƙa cikin gida ya yi kira. Tsohuwar nan mai darbejiya ta fito da jariri a naɗe cikin zane, wata yarinya na biye da ita da kwanon kunun kanwa, wanda ake dama wa mai jego. Kafin Tasi'u ya ce wani abu an ɗora masa yaro a cinya, daidai kan dayarin da ke buɗe. Yaron ya yi miƙa, ya buɗe ido ɗaya, ya dubi Tasi'u. Sai tsuuuu, ya saki fitsari.

Jar fatar nan ashe rininta bai kama ba. Ja ya bi ruwa, ruwa ya bi farar riga, tun daga cinya har gwiwa. Hoton da ke shafin farko ya jiƙe ya naɗe, tawada kala uku ta haɗu ta zama ɗaya. Tsohuwa ta ce, "Ayya, ya san kakansa!" Ilu kuwa ya kafa kai a kwanon kunu, bai ɗago ba sai da ya ga gindinsa.

A hanyar dawowa motar sai ƙarar gwangwani take yi. Sun kusa Bakori Tasi'u ya yi gyaran murya.

"Ilu, ka san ni da kai ba ta yau ba ce. Abin nan ya tsaya a motar nan."

"Wallahi Malam Tasi'u daga yanzu ba wanda zai ji a bakina."

"Daga yanzu?"

"Lokacin da ka zagaya wanke riga na ɗan kira mutum biyu. Uku dai."

Sai bayan La'asar suka shigo layin su Lurwanu, don motar ta yi zafi sau biyu a hanya. An daɗe da ɗaura aure. Wani ƙanen Lurwanu da ya zo daga ƙauye a kan babur shi ya zauna gaban liman ya ba da Rumasa'u. Ana kwance rumfa, ana naɗe tabarmi, 'yan majalisa na zaune a gefe suna sakace haƙori. Tasi'u ya so Ilu ya wuce da shi gida, amma Ilu ya taka birki daidai gabansu, ya kashe mota, ya fita neman ragowar shinkafa da ledarsa a hannu.

Dole Tasi'u ya fito. Ya kare jan tabon da dayari, dayarin kuma ya sake kumbura don ruwan da ya sha, tumbinsa ya fi na da. Wani ya ce, "Sannu da zuwa, mai tsara manyan baƙi!" Wani ya ce, "Yaya mai jego?" Dariya ta tashi har masu kwance rumfa suka tsaya.

Lurwanu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya taso, ya zo gaban Tasi'u, ya dube shi. Tasi'u ya so a ce zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

"Lurwanu, ni fa..."

"Ba komai. An ɗaura lafiya."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗan farin katin nan, har yanzu da ɗan tabon ƙasa a gefensa. Ya buɗe jiƙaƙƙen dayarin da kansa, ya sa katin a ciki, ya ja baƙin zare ya kwantar a kai, ya rufe, ya mayar masa hammata.

"Ajiye shi da kyau, kada ka sake yarwa. Tunda kai sai kati ya shekara kake amsa shi, baɗi war haka ka zo. In Allah ya yarda Rumasa'u na gida tana wanka, ba za ka rasa kunu ba."